Raƙumi Mai Tozo Biyu da Jakadan da Ya Cinye Kai

Masu ba da labari sun ce, a zamanin da dabba kan buɗe baki in wuƙa ta matso, an yi wani Sarki a Tudun Goriba, ana ce da shi Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Aibinsa ɗaya ne: duk wanda ya riga kawo masa labari, shi ne mai gaskiya.

Sarki Nomau ya ji a bakin alhazai cewa can gabas mai nisa akwai wani ɗan birni a cikin dausayi, sunansa Sarbulak, mutanensa Musulmi. Na cikin gari Uigur ne, masu lambunan inabi da ɓaure. Na kan duwatsun bayan gari Kirgiz ne, makiyaya. Sarki ya yi sha'awar ƙulla zumunci da su, sai ya tura jakadansa Barmo, wanda aka zaɓa don ya fi kowa cika riga.

Barmo ya yi shekara biyu a hanya, ya yi kwana uku a Sarbulak. Ya dawo yana jan wani raƙumi mai tozo biyu, gajeren ƙafa, gashinsa na zuba kamar tsohon buzu.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, an wulaƙanta ka a jikina. Na cikin gari marowata ne, shayi ma a gindin kwano suke zuba shi. Na kan dutse suka yanka rago, suka tura mini kai kamar ni ne mahauci. Ga kuma kyautarsu, raƙumi mai ƙazuwa, wanda ko wurin ɗora sirdi babu."

Sarki ya dubi raƙumin, ya ga gashi na faɗuwa a tsakar fada, ransa ya ɓaci. Ya ce a kira Sarkin Fawa ya yanka shi, a raba wa fadawa naman, a aika wa mutanen Sarbulak fatar ta zama amsa.

Sarkin Fawa na wasa wuƙa, sai raƙumi ya durƙusa da kansa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Da na ce don mutuncinka zan yi magana, amma gaskiya don wuyana ne. Sai dai yau igiya ɗaya ta ɗaure su. Ka ji labarin wani baƙo da ya je garinmu, in na gama a yanka."

Sarki ya ji daɗi a ransa, don bai taɓa samun mai roƙo da ya faɗi ainihin dalilinsa ba. Ya ce, "Muna ji."

Raƙumi ya ce:

Wani baƙo ya iso Sarbulak da hantsi, bayan kwana tara a cikin tsakuwa da rairayi. Wanda ya shigo ta wannan hanya, dogayen itatuwa yake fara gani a jere kamar masu salla, sannan ya ji ƙarar ruwa a magudana, sannan ƙanshin gurasa. Baƙon nan bai ga ko ɗaya ba, yana gyara rawani.

Aka sauke shi a gidan wani dattijo mai lambu, Tursun, wanda ya tsinto ɗan Larabci a hajji, shi ma baƙon haka. Aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfar inabi, dattawan unguwa suka taru. Tursun ya ɗauki buta da kansa, ya zuba shayi kaɗan a kwanon tangaran, ya miƙa da hannu biyu. Baƙo ya shanye a kurɓi biyu. Tursun ya sake miƙewa, ya sake zuba kaɗan. Haka har sau biyar.

Ranka ya daɗe, a garinmu haka ake girmama baƙo. Ana zuba kaɗan don kada ya huce, don kuma mai gida ya yi ta tashi yana hidima. In aka cika wa mutum kwano fal, an ce masa ke nan ya sha ya kama hanya.

A na shida baƙo ya riƙe bakin butar, ya ce, "Malam, a garinmu ko mai gadi ba a yi masa wannan ƙoro. Cika!"

Dattawa suka dubi juna. Tursun ya ce, "Ɗan'uwa, kafin in cika, bari in ba ka labarin baƙon da ya ji tausayin Zoragul."

Baƙo ya ce, "Ka yi sauri dai."

Tursun ya ce:

Ka ga ruwan nan da ke wucewa ta gaban ƙofata? Daga ƙanƙarar duwatsu yake narkowa, ba mu da wani. Saboda haka muna da Sarkin Ruwa, mai yawo da fartanya, ya buɗe wa wannan lambu, ya toshe wa wancan, kowa da ranarsa.

Wata shekara wani malami ya zo mana, mai taushin zuciya da saurin hannu. Yana zagaya gari sai ya ga Sarkin Ruwa ya toshe magudanar gonar wata gwauruwa, Zoragul, ya juya ruwan zuwa lambun wani attajiri. Gonarta ta kankana ce, ganyen ya fara yaushi, ƙasa ta tsage. Washegari ya dawo, a toshe. Jibi ma haka.

Malam ya ce, "Ko'ina dai talaka shi ne jaki." Bai tambayi Sarkin Ruwa ba, don azzalumi ne. Bai tambayi Zoragul ba, don abar tausayi ce. Ya naɗe wando, ya shiga laka da tsakar rana, ya fasa toshiyar da hannunsa, ya tsaya yana kallon ruwa na kwarara yana hawayen jin daɗin kansa.

Zoragul ta fito da gudu tana ihu. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ki gode mini, baiwar Allah."

Ta ce, "In gode maka? Ni na roƙi a toshe! Kankana in ta kusa nuna ƙishi ake sa mata, shi ke tara mata zaƙi. Saura kwana huɗu in cire!"

Kafin la'asar kankana ta sha ta ƙoshi, ta yi ta fashewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta fashe ba ta zama salam kamar ruwan randa. Malam ya bar gari yana cewa mutanen nan ba su san alheri ba, kuma na ji har yau yana ba da labarinmu a majalisai.

Tursun ya ajiye buta ya ce, "Shi ya sa muke cewa, baƙo ya fara aron idon ɗan gari kafin ya yi aiki da nasa hannun."

Raƙumi ya ce: Ranka ya daɗe, baƙon nan ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai ya ce, "Na gane. Har ruwa ma rowarsa kuke yi. Cika mini." Tursun ya cika. Dattawa suka shafa fatiha suka miƙe, tunda baƙo da bakinsa ya nemi sallama. Shi kuwa ya ɗauka kwarjininsa ne ya kore su.

Barmo ya yi wuf ya ce, "Zaki, dabba ce fa ke magana!"

Raƙumi ya ce, "Ni ban ambaci suna ba. Amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda ya tsargu kuma ya taimaka masa."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki ya ji dariya na taso masa, ya danne ta, don bai riga ya san ko a kan wa za ta ƙare ba. Ya ce, "Ci gaba. Saura kan rago."

Raƙumi ya ce:

A kwana na biyu Tursun ya hau da baƙo kan dutse wurin Kirgiz, don zumunci da Sarbulak ba ya cika sai da su. Na ƙasa ke ba su gurasa da inabi, su kuma su ba da nama da ulu, kowa na yi wa kowa tsiya, ba mai iya rabuwa da wani. A can nake, a garken wani Toktosun. Abin da zan faɗa yanzu da idona na gan shi, ta ƙofar tanti.

Toktosun ya kawo rago mafi ƙiba, aka yanka, aka dafa. Gida duka ya zauna a da'ira, har da tsohuwarsa, Burul, wadda haƙoranta suka ƙare amma harshenta bai taɓu ba. Aka ɗauko kan ragon a faranti, aka ajiye gaban baƙo, da wuƙa a gefe.

A wurinsu ba a ba da kai sai ga wanda ya fi kowa daraja, kuma ba don ya ci ake ba shi ba. Ɗanɗanawa yake yi, ya raba. Kunne ga ƙananan gida, don su zama masu jin magana. Ganɗa ga amaryar gida, don hannunta ya iya saƙa. Ido kuwa a raba shi biyu, baƙo ya ci rabi, ya miƙa rabi ga wanda yake so su riƙa ganin juna har abada. Toktosun ya ji abin da ya kawo baƙon, saboda haka ya matso, ya goge hannu a gwiwa, yana jira.

Tursun ya raɗa wa baƙo, "In gaya maka yadda ake yi?"

Baƙo ya ce, "Ni za a koya wa cin langaɓu?"

Ya ga dai an raina shi, amma ya ƙudura ba za su ga gazawarsa ba. Ya naɗe hannun riga. Ya ci kunnuwa. Ya ci kumatu da harshe da ganɗa. Ya ƙwaƙule ido ɗaya ya jefa baki, Toktosun ya miƙo hannu, ya ƙwaƙule na biyu ya bi da shi. Ya fasa ƙoƙon ya suɗe ƙwaƙwalwa, ya ture ƙashi, ya yi gyatsa, ya dube su ɗaya-ɗaya.

Can tsohuwa Burul ta ce wa ɗanta, "Toktosun, kada ka yi fushi. Wannan ba rashin kunya ba ne, yunwa ce, na san ta. Ƙasar da babban mutuminta ke cin ido biyu shi kaɗai, ba ta da dabbobi, ba ta kuma da abokai. Sarkin da ya aiko wannan, ba shi da waninsa ne. Ka ba su raƙuminka mafi ƙarfi su riƙa ɗaukar hatsi daga maƙwabta. Allah zai ba ka lada."

Raƙumi ya numfasa, ya ce, "To, ranka ya daɗe, ka ji. Zumuncin da ka aika a nemo, a faranti aka kawo shi, jakadanka ya haɗiye. Ni kuma ba zagi ba ne. Sadaka ce."

Sarki Nomau ya ji kalmar ta sauka masa a ƙirji. Zagi yana da sauƙi, ana rama shi. Tausayi kuwa ba a san ta inda ake kama shi ba. Ya tuna rumbunansa da garkunansa, ya tuna cewa a can bayan duniya akwai wata tsohuwa marar haƙori da ke yi masa addu'ar samun abinci.

Ya ce, "Barmo, an yi haka?"

Barmo ya ce, "Zaki, kan dai ƙarami ne."

Raƙumi ya ce, "Yanzu sai a yanka ni. In fatata ta isa Sarbulak, Burul za ta ce, 'Ban gaya muku ba? Ko kwana bai yi ba sun cinye shi.' Mutanen kirki ne. Za su aiko da wani."

Sarki ya ɗaga wa Sarkin Fawa hannu, ya mai da wuƙa kube. Amma Sarki bai so a ce dabba ta kayar da shi gaba ɗaya ba, sai ya ce, "Ƙazuwar fa? Wannan da idona na gani, ba Barmo ya gaya mini ba."

Raƙumi ya ce, "Haka malamin nan ya ga kankana da idonsa. Ba ƙazuwa ba ce. Irinmu kan tuɓe riga in zafi ya zo, mu mai da ita da sanyi. Tun safe nake tsakar fadarka, mutum arba'in sun faɗi ciwona, ba wanda ya tambaye ni."

Da wani ne ya gaya wa Sarki haka, da ya kwana a ɗaure, amma ba a ɗaure sadaka. Ya duba ya ga Barmo ya yanke wa gari hukunci a kwana uku, shi kuwa ya yanke wa raƙumi a kallo ɗaya, ya rasa wanda ya fi wani a cikinsu.

Ya ce, "Na karɓa. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma ashe mutum kan zama baƙo a tsakar gidansa. Barmo, ka ajiye jakadanci. Za ka koma Sarbulak, amma a bayan ayari, kana kora raguna ɗari zuwa ga tsohuwar nan. Wanda zai shige gaba, sai na sami mutumin da ya iya cewa 'ban sani ba'."

Ya dubi fadawa. Kowannensu ya nuna alamar ya san wanda ya dace.

Sarki ya girgiza kai, ya juya ga raƙumi, ya ce, "Kai kuma, me irinku ke ci?"

Raƙumi ya miƙe, ya karkaɗe sauran gashinsa a kan rigar Barmo, ya ce, "Ƙaya da gishiri, ranka ya daɗe. Shekara guda ke nan da na baro gida, yau aka fara yi mini tambaya."