Sandar Nomau

Ku gyara zama. Kai mai tauna goro, ka fi kowa buɗe kunne, don ta hanyar goron nan maganar ta biyo.

A shekarar wata muguwar yunwa, wani yaro mai suna Nomau ya bar garinsu a arewa, ya bi ayarin fatake da ƙafa har Gwanja, ba shi da komai sai sandar gora. Can ya sare daji ya dasa goro, ya yi aure, ya haifi Jatau. Ranar suna ya sa wanzami ya yi wa jaririn tsaga irin tasa. Jatau bai kai shekara bakwai ba Nomau ya rasu, ya tafi da sunan garinsu bai faɗa wa kowa ba.

Jatau ya yi shekara tamanin a Gwanja, amma masu ƙasa ba su daina ce masa baƙo ba. Bai taɓa sa abin a ransa ba sai ranar da matarsa ta rasu. Gawa na kwance a gida, shi kuwa yana durƙushe gaban masu ƙasa yana roƙon wurin kabari. Sun ba shi, ba su hana ba, amma baƙin cikin durƙuson nan ya hana shi sakat. Bayan sadakar uku ya tara 'ya'yansa, Cindo da Tabawa da Bawa.

Ya ce, "Ba za a binne ni a ƙasar aro ba. Ku kai ni garin ubana."

Bawa ya ce, "Baba, wane gari?"

Tsohon ya shafa kumatunsa. "Ga shi nan a fuskata. Iyakar abin da na sani ke nan."

Cindo ne ya sassaƙa tsagar a bayan ƙwarya ya nufi arewa, yana bin rumfunan wanzamai kasuwa-kasuwa. Wanzaman zamani kuwa aski kawai suka iya, sai su juya ƙwarya su yi dariya. Shekara biyu yana wannan yawo. 'Yan fashi suka tare shi a hanya, suka sare shi, hannunsa na dama ya mutu. Bai juya ba, har ya dace da wani tsohon wanzami makaho, wanda ya bi zanen da yatsa ya ce, "Wannan ta mutanen Gawo Bakwai ce." Ba don Cindo ba, da ba a san inda za a dosa ba.

A shekara biyun nan ɓarin jikin Jatau ya shanye. Tabawa ta ce za ta je jinya, mijinta ya ce in ta fita ta fita ke nan. Ta dubi 'ya'yanta, ta ɗauki mayafi ta fita. Ita ke ba uban kunu cokali-cokali, ta juya shi, ta wanke shi. Duk ranar da ya karaya ya ƙi buɗe baki, sai ta ce, "Sha, Baba, Cindo na hanya," alhali ita ma ba ta san ko yana raye ba. Ba don Tabawa ba, da kabari Cindo ya tarar.

Bawa kuwa shi ke riƙe da gonar goron da Nomau ya dasa. Al'adar wurin, baƙo in ya bar gonarsa kaka guda, ta koma hannun masu ƙasa. Cindo ya dawo ana gab da tsinkar goro, tsoho kuma ba zai kai wata kakar ba. Bawa ya juya wa gonar baya. Inda mota ta tsaya ya goya uban, kwana uku yana tafe da shi, ya ƙetare kogi ruwa iya ƙirji. Ba don Bawa ba, da tsohon bai taka ƙasar ba.

To, sun isa Gawo Bakwai. Kufai suka tarar. Ba gida, ba hayaƙi, gawon ma saura ɗaya, sai wata rijiya da ƙasa ta cike. Ashe yunwar da ta kori Nomau ba ta bar kowa ba. Jatau ya daɗe yana dubawa, ya ji duk abin da ya jawo wa 'ya'yansa ya sauko masa a ƙirji, hawaye na bin tsagar nan.

Can ya ce, "Wa zan roƙa wurin kabari a nan?"

Tabawa ta ce, "Babu kowa, Baba."

Ya ce, "To, na zo gida."

Ya miƙa sandar gorar ubansa, wadda bai taɓa rabuwa da ita ba, ya ce a ba wanda ya kawo shi. Kafin la'asar ya cika. Suka binne shi a gindin gawon.

Ga su nan tsaye su uku a kufai, mai hannu ɗaya, da wadda ba ta da ɗakin komawa, da wanda ba shi da gona. Abin da ya rage na gidan Nomau duka sanda ce guda, sanda kuwa in an karya ta uku ta zama itacen wuta.

To, ni dai na kasa raba wannan gardama. Ku ku faɗa mini, wa ya kawo Jatau gida? Wa za a miƙa wa sandar?