Mai Bene da Bokitin Fenti

Akwai wani mutum mai bene a bakin kasuwa, shaguna a ƙasa, ofisoshi da banɗaki a sama. Mutumin nan ko gaisuwa ka yi masa sai ya sako zancen benensa. Yakan bugi ƙirji ya ce, "Shekara tara, ko ɗigo ɗaya bai taɓa zuba a ginina ba. Mai gyaran famfo bai san hanyar ƙofata ba."

Ƙarya yake shararawa, 'yan'uwa, shi ma ya sani.

A shagon ƙasa akwai wata tela, Rifkatu, wadda matan zumuntar coci suka ba ɗinkin ankonsu na babban taro. Wata safiya ta tarar rufin shagonta ya jiƙe, yana wari, daidai saman atamfofin mutane. Ta tafi wurin mai bene ranta a ɓace.

"Baba, ruwa na ɗiga a shagona. Kayan nan amana ne."

"Zufar gini ce," in ji shi.

"Gini yana zufa mai warin masai?"

Da ya ga za ta tara masa jama'a, sai ya kira Habila mai gyaran famfo a ɓoye, ya shigo da shi ta ƙofar baya. Habila ya hau sama, ya sauko, ya ce, "Maigida, bututun banɗaki ne ya tsage a cikin daɓen sama. Sai an fasa siminti an canza shi."

Mai bene ya fusata. Fasa siminti! Guduma tana ƙara, duk kasuwa tana ji, kowa ya san benensa yana yoyo? Ya kori Habila, ya sayo fenti mai sheƙi, irin wanda ruwa ba ya ratsawa, ya shafe wurin da hannunsa. Ɗiga ta tsaya. Ya dubi Rifkatu ya ce, "To, ina ruwan naki?"

Ta ce, "Yana nan inda ka ɓoye shi."

Ruwa kuwa ba ya jin tsoron fenti. Ya yi ta taruwa a bayansa, fentin ya yi ta kumbura. Mai bene ya ƙara shafi na biyu, ya ƙara na uku, har abin ya sauko kamar tumbin saniya. Rifkatu ta kwashe ankon mutane ta kai gida, tana faɗa tana ƙarawa.

Ana nan sai ranar da ya gayyaci dattawan ikkilisiya da matan zumunta su yi addu'ar godiya, benensa ya cika shekara goma. Ya sha farar babbar riga, yana zagayawa da su shago shago. Da suka shiga wurin Rifkatu, wani dattijo ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan'uwa, wannan fa?"

Mai bene ya yi wuf ya ce, "Ado ne, Baba. Sabon yayi."

Rifkatu ta ja da baya har bakin ƙofa, ta ce, "In ado ne, taɓa shi mu gani."

Ido ya yi wa mai bene yawa. Ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ku ji ƙarfinsa," ya ɗan zungura.

Fashhh! Abin da mutanen sama suka yi wata uku suna turowa ya sauko masa gaba ɗaya, daga hula har takalmi. Dattawa suka watse suna toshe hanci. Shi kaɗai ya rage a tsaye, farar riga ta koma kalar miyar kuka.

Rifkatu ta ce, "Baba, yau gininka ya yi zufa sosai."

Ma'anar misalin nan ga ta, ku buɗe kunne. Benen nan zuciyarka ce. Bututun da ya tsage shi ne zunubin da ka sani, matarka ta sani, maƙwabcinka ma ya ji warinsa. Habila shi ne Maganar Allah, wadda take ce maka sai an fasa, wato sai ka tuba ka furta. Fenti kuwa shi ne kwalliyar ranar Lahadi, da doguwar addu'a, da "Amin" mai ƙarfi don a ji ka.

Abin da ke ba ni haushi, yoyonka ba a kanka yake fara ɗiga ba. A kan na ƙasa da kai yake ɗiga, waɗanda ba su tsage komai ba. Sun yi maka magana, ka ce zufa ce.

Ubangiji yana shirye ya fasa ya gyara yau, kai da shi. In ka ƙi guduma ka zaɓi fenti, to, ci gaba da shafawa. Amma ka sani, ranar da zai fashe, sandar tana hannunka, ikkilisiya kuma tana tsaye tana kallo.