Intanet Ta Kan Katanga

Wai a wani gidan haya, maigidan, Alhaji Ɗanjummai, shi ke sayar wa 'yan haya intanet, ga tsada ga tafiyar hawainiya. Wata 'yar haya, Tabawa mai ɗinki, ta gaji, ta koma wani kamfanin intanet mai garaɓasar rabin kuɗi, ta rataye na'urar kamfanin a darbejiyar maƙwabta.

Alhaji ya kai ta gaban mai unguwa. "Ta hana intanet ɗin nan shigowa gidana kafin magariba, ko ta kwashe komatsanta!"

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, na yarda. Alhaji ya nuna min ta inda take shiga, in toshe da tsumma."

Alhaji ya zaro waya. "Ta ko'ina take shiga! Jiya har cikin ɗakina na kalli dambe da ita!"

Mai unguwa ya gyara zama. "Da tata ka kalla, Alhaji?"

"To da tawa zan kalla? Ai sai a tashi damben ba ta buɗe ba!"

Tabawa ta ce, "Ashe mu biyu muka sauya kamfani. Ranka ya daɗe, a raba mana kuɗin wata."