Kilo Ashirin da Uku na Saƙo

Da kai nake, kai da ka riga mutane zuwa ƙasar waje da shekara biyar ka mai da kanka wanda ya gina ta. Idan an ce yaro zai taho karatu, kai ne na farkon kira: "A ba shi saƙona." Idan ya sauka, kai ne na farkon ɓacewa. Ba zan kama sunanka ba, ka san kanka. Zauna ka karanta.

Akwai wani ɗalibi, a gida Auta ake ce masa. Babansa tela ne. Auta ya samu gurbin karatu kyauta a wata ƙasa mai sanyi, amma bizarsa ta yi ta jan ƙafa har ya zama ranar da jirginsa zai sauka ita ce ranar ƙarshe ta rajista. Takardar makaranta ta faɗa ƙarara: ofis zai rufe ƙarfe huɗu na yamma, wanda bai bayyana da kansa ba an ba wani gurbinsa.

Hankalin gida bai tashi ba, saboda akwai Injiniya a can. Ɗan Gwaggo ne, yayar baban Auta. Shekararsa shida a ƙasar, yana da mota, kuma da bakinsa ya ce a waya: "Kawu, ka kwantar da hankalinka. Daga filin jirgi zuwa makarantar awa ɗaya ne a mota. Ni zan kai shi har ƙofa."

Sai kuma ya turo jerin saƙo. Kaya ɗinkakku kala bakwai, takalma, huluna, turare, har da bargon da ya ce ya saba da shi tun yana sakandare.

Akwati biyu aka yarda wa Auta, kowane kilo ashirin da uku. Ɗaya ya tafi gaba ɗaya a saƙon Injiniya, bai ma isa ba, sai da aka tsallaka cikin na biyu. A wurin awo sikeli ya nuna an zarce. Auta ya durƙusa a gaban mutane ya buɗe akwatinsa, ya ciro rigar sanyi mai kauri da babansa ya yi kwana uku yana ɗinka masa, ya miƙa wa tsohon.

"Ba komai Baba, ai a mota za a ɗauke ni."

Gwaggo ma ta zo rakiya. Ta ja shi gefe ta ba shi ambulan mai ruwan ƙasa. "Wannan takardar shaidar karatun yayanka ce, ta asali. Ya samu sabon aiki, sun ce gobe kafin ƙarfe biyar ya kai musu. Kada ka sa a akwati, akwati na ɓata. Sa ta a ƙirjinka. Idan ya sauke ka a ƙofar makaranta, ka ba shi hannu da hannu."

Auta ya cusa ambulan cikin riga.

Jirgi ya sauka da hantsi. Layin duba fasfo ya cinye awa biyu. Sai ƙarfe ɗaya saura Auta ya fito da akwatunansa, ƙafa a kumbure, layin wayarsa na gida ya mutu murus.

Ga Injiniya can da baƙin tabarau, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Yaya! Sannu da..."

"Kai, rage murya, nan ba kasuwa ba ce. Wanne ne nawa?"

A gefensu akwai wata mata mai goge ƙasa, ta manyanta, sanye da rigar aiki mai ruwan lemo. Da ta ji Hausa ta tsaya, fuskarta ta washe. "A'a, 'yan gida ne? Sannunku da hanya!"

Injiniya ya dube ta daga sama har ƙasa, ya amsa mata da yaren ƙasar, wai bai gane abin da take faɗa ba. Mutumin da yanzun nan ya gama cewa "wanne ne nawa"! Matar ta ci gaba da gugarta.

A wurin ajiye motoci iska ta daki Auta har haƙoransa suka fara haɗuwa. Injiniya ya sa akwatin saƙo a but ɗin bayan mota, ya sa Auta ya buɗe na biyun a ƙasa ya kwashe sauran kayansa, sannan ya rufe but ɗin.

"To, ka ga, ni hanyata daban. Ina da wurin da dole in kai takarda kafin biyar. Ka koma ciki ka sauka ƙasa, akwai jirgin ƙasa."

"Yaya, ƙarfe huɗu za su rufe. Ban san ko'ina ba. Wayata ma ba layi."

"Ni wa ya ɗauke ni da na zo? Nan kowa da ƙafarsa yake tafiya. Gara ka koya tun yau."

Ya shiga mota ya tayar. Sai a lokacin Auta ya tuna da abin da ke ƙirjinsa. Ya dafa ƙofa. "Yaya, tsaya, akwai kuma..."

Gilashi ya tashi ya rufe. Mota ta tafi.

Ku gaya mini, don Allah, wane irin mutum ne wannan? Bai tambayi yaron ko ya ci abinci ba. Bai tambayi sunan ɗakin kwanan da aka ba shi ba. Ko waya bai ara masa ya ce wa uwarsa ya sauka lafiya ba. Bargonsa ya zo ɗauka.

Auta ya ja akwatinsa ya koma ciki. Ya tsaya gaban injin sayar da tikiti, rubutu ya yi masa yawa, layukan taswira ja da kore da shuɗi sun cakuɗe. Ya danna nan, injin ya yi ƙara. Ya danna can, ya dawo da shi farko. Na bayansa suka fara tsaki. Agogon bango ya ce ɗaya da rabi. Ya koma gefe ya zauna a kan akwati, ya sa kai a gwiwa.

"Ɗana, ina mai tabarau?"

Matar nan ce mai goge ƙasa.

"Ya tafi, Inna."

"Ya tafi. To Allah ya raka taki gona." Ta katse kanta, ta ce, "Kai, bar ni da bakina. Ina za ka?"

Ya nuna mata takarda. Ta karanta, ta dubi agogo, ta ce, "Jirgi biyu da bas ɗaya. Awa biyu ne idan ba ka ɓata ba, kai kuwa da ganin idonka za ka ɓata. Tashi."

Ta je ta yi magana da shugabar aikinsu, ta nuna Auta, ta nuna agogo. Shugabar ta ɗaga kafaɗa ta ce ta tafi, amma ranar hutunta za ta zo ta cike. Inna ta cire rigar aikinta mai kauri ta jefa masa.

"Sa. Ka zo ƙasar ƙanƙara da rigar shan iska kamar mai zuwa ɗaurin aure. Uwarka ta san haka ka fito?"

"Saƙo ne ya cinye wurin."

"Saƙon wancan? Hm."

A jirgi na farko ta ba shi burodin da ta taho da shi don rana. A na biyu ta ciro biro ta rubuta masa sunayen tashoshi a bayan hannu, ta ce ko takarda ta ɓata hannu ba zai ɓata ba. Ta kira babarsa da wayarta ta ce, "Ɗanki ya sauka, yana hannuna, ki daina kuka." Da suka sauka bas ya wuce su a kan idonsu. Inna ta ce ba za su jira wani ba. Ta kama hannun akwati ɗaya, ya kama ɗaya, suka yi ta sauri a kan titi, tana haki tana yi masa faɗa wai ƙafarsa kamar ta mai ciwon baya.

Ƙarfe huɗu saura minti tara suka shiga ofis. Ma'aikaciyar ta riga ta ɗauki jakarta. Ta dubi saurayi cikin rigar masu shara, ta dubi dattijuwa tana haki, ta ajiye jakar ta kunna na'ura. Aka buga wa Auta hatimi, aka ba shi makullin ɗaki.

Shi kuwa Injiniya, sai da ya isa ƙofar kamfanin ya buɗe but. Ya zazzage akwati a wurin ajiye motoci. Huluna, takalma, bargo. Babu takarda. Ya kira Auta, layi a mace. Ya rasa wanda zai kira sai uwarsa.

"Gwaggo ta ce masa me?" Inna ta tambayi Auta washegari, da ta zo karɓar rigarta ya ari wayarta ya kira gida ya ji labari.

"Cewa ta yi, takarda tana ƙirjin yaron da ka sauke a ƙofar makaranta. Ba ka sauke shi ba ne?"

Kamfanin sun riga sun ɗaga masa ƙafa sau biyu. Ba su ƙara na uku ba.

Suna cikin maganar sai ga Injiniya ya shigo, babu tabarau, ya sha tambaya a makaranta kafin a nuna masa ɗakin. Ya ga Inna, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ina kwana." Da Hausa tsantsa.

Inna ta ce, "A'a, ka koye ta a dare ɗaya? Sannu da ƙoƙari."

Auta ya ciro ambulan ya miƙa masa da hannu biyu. Injiniya ya karɓa. "Me ya hana ka gaya mini tana wurinka?"

"Na fara, Yaya. Gilashi ya riga ni."

Darasi: Wanda ya ɗauko maka kaya daga gida mutum ne, ba akwati ba. Ranar farko ta baƙo ba ta dawowa, kuma abin da kake wa gaggawa har ka taka ɗan'uwanka, wataƙila yana cikin rigarsa. Ku tura wannan ga duk wanda ke waje da duk mai shirin tafiya. Kai kuma da na fara da kai, ga wurin sharhi nan a buɗe: idan ba ka taɓa karɓar saƙo ka bar mai saƙon a tsaye ba, fito ka ce ƙarya nake.