Ƙarfen da Auta Ya Cire daga Motarsa

Akwai wani mutum, ɗan kasuwar citta, wanda Allah ya buɗa masa. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, kuma har furfura ta fito masa a gemu mahaifiyarsa ba ta daina kiransa Auta ba. Da ya samu, sai ya sayi motar tsere, ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajera har cikinta yana neman shafar ƙasa. Ko buhun citta ɗaya ba ta ɗauka. Amma gudu kam, sai wanda ya gani.

Gidansa yana hayin layin dogo. Wurin tsallakawa ɗan tudu ne, ba shinge, ba mai ɗaga tuta, ruwan damina kuma ya zaizaye ƙasar da ke tsakanin ƙarafan jirgin. Ta nan yake bi da mahaifiyarsa duk ranar da za ta ga likita. Tsohuwa ce mai jiki, gwiwoyinta sun gaji. Shigar da ita wannan gajeriyar mota aiki ne, fito da ita kuwa sai an kama hannu, an tallafi baya, an jira ta huta.

Mutumin yana da aboki mai suna Dogara, shi ma mai irin wannan mota. Wata rana suka jera a sabuwar kwalta, Dogara ya taka totur, ya bar shi yana shaƙar hayaƙi. Kai, abin ya ci wa mutumin nan rai! Dogara ya yi dariya ya ce, "Motarka lafiyarta ƙalau, abokina. Fulawil ɗinta ne ya yi nauyi. Ni na sa an cire nawa, an saka mini marar nauyi."

Sai mutumin ya tafi garejin wani bakanike mai suna Yunana, ya ce a yi masa yadda aka yi wa Dogara.

Yunana ya ce, "Oga, zan iya. Amma bari in faɗa maka abin da za ka samu da abin da za ka rasa. Fulawil faifan ƙarfe ne mai nauyi a bayan inji, yana juyawa tare da shi. Inji ba kullum yake turawa ba. Bugu yake yi ya tsaya, ya sake bugu. Tsakanin bugu da bugu, nauyin ƙarfen nan ne yake ci gaba da juyi, kamar dunƙulen yumɓun da ke gindin mazari. In na saka maka marar nauyi, da ka taɓa totur za ta zabura. Wannan gaskiya ne. Amma inda ake lallaɓawa, ko a tudu, ko da kaya, ɗan kuskuren ƙafa kaɗan sai ta mutu. Ga mai filin tsere abu ne mai kyau. Kai wace hanya kake bi kullum? Wa kake ɗauka?"

Mutumin ya tuna da tudun layin dogo, ya tuna da mahaifiyarsa. Ya koma gida bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Kuma ku ji ni da kyau, ba wawa ba ne. Ya san amsar tambayar nan sarai. Sai dai duk lokacin da ya kusa haƙura, dariyar Dogara ta dawo masa a kunne. A ƙarshe ya mayar da motar gareji ya ce, "Cire shi. Ƙafata ta san aikinta."

Aka cire. Da aka ajiye tsohon faifan a ƙasa, sai ga wani dattijon ikkilisiya yana wucewa. Guntun ƙarfen da suke bugawa a kira mutane sujada ya tsage, suna neman wani. Mutumin ya ture faifan da ƙafa ya ce, "Baba, ku ɗauka, nauyin banza ne." Aka kai shi, aka rataye shi a itacen mangwaron da ke ƙofar majami'a.

Motar kuwa ta zama wata aba dabam. Ya jera da Dogara, ya bar shi a baya, ya yi ta ba da labari har mutane suka gaji da ji. Gaskiya ne, motar ta mutu masa a mararrabar kasuwa, ta kuma mutu a ƙofar gida. Amma ya samo dabara. In zai tashi, sai ya cika wa inji wuta har ya yi ruri, sa'an nan ya saki kuloci a hankali. Haka yake tsallake layin dogo, da ruri da girgiza, yana cewa a ransa ai ga shi an wuce.

Ana nan, ranar ganin likita ta zo. Da hantsi ya shigar da mahaifiyarsa, suka kama hanya. Da suka iso tudun ya fara cika wa inji wuta, sai ta dafa hannunsa ta ce, "Auta, don Allah a hankali. Bayana yau ba daɗi."

Ya rage wuta, ya lallaɓa. Tayoyin gaba suka hau ƙarfe na fari, suka faɗa ramin da ruwa ya ci, suka tokare da ƙarfe na biyu. Mota ta yi tari ta mutu.

Bai damu ba tukuna. Ya kai hannu ga makulli. A daidai nan ne ya ji kukan jirgi daga bayan dutsen da layin yake kewayowa.

Ya murɗa makulli, inji ya tashi. Amma ƙafar da ya ce ta san aikinta ta ci amanarsa. Ya saki kuloci da gaggawa, mota ta yi tsalle ta mutu. Ya sake tayarwa, ya sa giyar baya, tayoyi suka tokare da ƙarfen da suka riga suka hau, ta sake mutuwa. Mata masu sayar da rogo a bakin hanya suka fara ihu, suna ɗaga hannu. Yana jin ƙarfen jirgin yana kaɗawa a ƙarƙashin kujerarsa.

Mahaifiyarsa ta dubi inda ƙarar take fitowa, ta dube shi. Ta ce, "Auta, fita. Ni ba zan iya ba. Fita, na ce!"

Wayyo! Ƙofarsa tana nan kusa, taku biyu ya tsira. Ya fita, amma ya kewaya da gudu zuwa ƙofarta. Ya fizge ta, ya kama hannun tsohuwa ya ja. Kujera tana ƙasa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, zaninta ya maƙale a ƙarfen kujera. Kan jirgin ya bayyana daga bayan dutse, direbansa yana ta busa, birki yana ƙara, amma jirgi ba ya tsayawa don an ce ya tsaya. Mutumin ya durƙusa, ya sa hannu biyu a ƙarƙashin hammatarta, ya yi kira, "Ya Ubangiji!" Ya ja da dukan ƙarfin da yake da shi. Zani ya yage. Suka gangara tare cikin kwalbatin gefen hanya, shi a ƙasa, ita a bisansa.

Jirgin ya kwashi motar, ya tafi da ita, ya watsar da ita a gonar dawa.

Tsohuwa ta tashi da ƙujewa a hannu. Shi kuwa ƙafarsa ta dama, mai taka totur, ta karye. An ɗora ta, ta haɗu, amma ta bar shi da ɗingishi. Dogara ya zo dubiya, ya zauna, ya yi masa sannu, ya tafi. Mahaifiyarsa ba ta taɓa yi masa gori ba, shirun nata kuwa ya fi masa zafi.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce wannan. Motar ita ce rayuwarka. Bugun inji shi ne lokutan da kake jin zafin bangaskiya, kamar ranar da wa'azi ya taɓa ka, ko ranar da aka amsa maka addu'a. Waɗannan suna zuwa su wuce. Faifan nan mai nauyi shi ne abubuwan da kake yi kullum ko kana jin daɗinsu ko ba ka ji, wato addu'ar safe, karatun Maganar Allah, zuwa sujada, da zama a ƙarƙashin masu iya tsawata maka. Su ne suke juya ka tsakanin bugu da bugu.

Na san suna da nauyi, ba sai an gaya mini ba. Na kuma san wanda ya ajiye su yakan yi sauri. Shagonsa a buɗe ran Lahadi, naka a rufe, ya wuce ka yana dariya. Wasunku da ke zaune a nan kun riga kun cire naku. Kun ga alama, ta mutu muku a mararraba, fushi ya kama ku a inda da ba ya kama ku, amma kun samo dabarar ruri, kuna cewa ai ga shi ana wucewa. Ina jin tsoro dominku, shi ya sa nake ɗaga murya. Ba a shimfiɗaɗɗiyar kwalta za a gwada ku ba. A inda dole a lallaɓa ne, a ciwo, a rashi, a jira. Kuma ba ku kaɗai ba ne a cikin motar. Akwai wanda kuka ɗauko, wanda ba zai iya fita da kansa ba.

Mutumin nan Allah ya yi masa jinƙai, bai rasa mahaifiyarsa ba. Yanzu kowace safiyar Lahadi, in an buga ƙarfen da ke rataye a itacen mangwaro, yana ji daga hayin layin dogo, ya kuma san muryarsa. Sai ya ɗauki sandarsa, ya kama hannun tsohuwa, su tsallake tudun a ƙafa, a hankali, suna amsa kiran abin da ya ce nauyin banza ne.