Ƙwallon Cikin Safa

Akwai wani dattijo mai suna Torbjörn a wani ƙaramin gari na bakin tafki a ƙasar Sweden. Filin ƙaramin golf gare shi: gajerun layuka shimfiɗe da koren kafet, kowanne da raminsa, mutum ya biya a ba shi sanda da ƙwallo. Matarsa Majvor tana sayar da kofi da burodin kirfa a bakin ƙofa. Shi kansa gwani ne, tun yana saurayi yake zuwa gasa.

Sai dai kafet ɗin ya tsufa, ya yi sanƙo kamar kan mai shi. Alƙalan wasa suka ce in bai sake shi ba, za a daina kawo gasa filinsa. In gasa ta tafi kuwa, jama'a ma sun tafi. Ga shi sabo ya fi ƙarfin aljihunsa.

Ana haka aka sanar da gasar ƙarshen shekara a wani gari. Wanda ya ci, za a shimfiɗa wa filinsa sabon kafet.

Torbjörn ya dage, har aka zo layin ƙarshe suna kunnen doki da Sixten, wani mai fili a birni, wanda bakinsa ya fi sandarsa aiki.

"Tsoho, har yanzu kana nan?" in ji Sixten. "Na zaci ka koma taya Majvor wanke kofuna."

Torbjörn ya yi murmushi, ya buga. Sau biyu ya taɓa ƙwallon kafin ta shiga rami, ga shi mai ƙarancin bugu ne ke ci.

To, a wannan wasa sanyi sandarar da ƙwallo yake, ta ƙi bin hanya. Shi ya sa 'yan wasa suke sa ta a safa, su cusa a hammata tun safe. Shi kuwa gogan naka Sixten ya fito da tasa yana nuna wa 'yan kallo tsadarta, ya ajiye a kan benci, ya tafi shan kofi. Da ya ɗauka, sai ya ji ta kamar ƙanƙara. Alƙali ya riga ya kira sunansa.

Fuskarsa ta canja. Kowa a wurin ya san ko sau uku ya buga, ba lallai ta shiga ba.

Torbjörn ya ji ɗumin tasa da ya mayar hammata. Shiru kawai zai yi, filinsa ya tsira. Majvor ta harare shi daga nesa, don ta san halin mijinta.

Ya zaro safar ya miƙa. "Ungo. Ba na son a ce sanyi ne ya ci mini gasa."

Sixten ya karɓa. Bugu ɗaya, ƙwallo ta faɗa rami.

A hanyar gida Majvor ba ta raga masa ba. "Sannu, mai kyauta! Da ka haɗa masa da makullin filin ai."

Shi ma dai zuciyarsa ta karye. Har ya fara tunanin wanda zai sayar wa sandunan.

Da sanyi ya wuce, wata safiya babbar mota ta tsaya a ƙofar filin. Sixten ya diro, ma'aikata suka hau sauke naɗaɗɗen kafet.

"Kun ɓata hanya," in ji Torbjörn. "Birni na can gaba."

"An ce filin wanda ya ci," in ji Sixten. "Ƙwallonka ce ta shiga rami, ni sanda kawai na riƙe. Matsa mana, tsoho, ka tare hanya."

Torbjörn ya buɗe baki zai yi godiya, hawaye suka riga shi. Ya riƙe hannun Sixten da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Darasi: Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kada ka gina nasararka a kan kuskuren ɗan'uwanka, kuma in an yi maka halacci, ka zama mai godiya. Ku tura wa abokai, wataƙila wani yana gab da yin shiru a inda ya kamata ya miƙa hannu.