Maraƙin da Ba Shi da Tozo

Akwai wani mutum da ya gaji farar saniya daga mahaifinsa. Saniyar tana hannun wani tsohon makiyayi, wanda ya daɗe yana kiwon shanun gidansu. Tun mahaifin yana da rai ya sa aka kai ta barbara wurin wani jan bijimi irin na ƙasar waje, domin a sami maraƙi mai saurin girma da yawan nama. Amma ya rasu bai faɗa wa ɗansa ba.

Da saniyar ta haihu, mutumin ya tafi garke ya gani. Sai ga maraƙi ja, ga faɗin baya, ba ko alamar tozo. Ya dube shi, ya dubi sauran maruƙan garken farare masu tozo, zuciyarsa ta ce an yi masa musaya.

Ya ce, "Baba, farar saniya ce ta haifi wannan? Ina nawa?"

Makiyayin ya ce, "Shi ke nan a gabanka, ɗana. Ubansa ya biyo. Mahaifinka ne ya so haka."

"To, ai mamaci ba ya musu."

Tsohon ya ce, "Sake shi ka gani, ko za ta bar shi ya sha."

Mutumin ya ce, "Wa ya san abin da ka koya mata?"

A ranar ya kwance saniyarsa ya kai gida. Maraƙin kuwa ko kallonsa ba ya son yi, sai ya sayar wa wani mai turka a bayan kasuwa, irin masu ɗaure dabba su yi ta ba ta dusa da harawa har ta isa hannun mahauci. Ya kuma bi gari yana cewa tsohon nan ba shi da amana.

Da safe matarsa ta ɗauki ƙwarya za ta yi tatsa. Hantsar saniyar ta cika tim, amma ko ɗigo bai sauko ba, gama shanunmu ba sa sakin nono sai ɗansu yana kusa. Saniyar ta yi ta kuka, ta ƙi ci. A ƙarshe ta tsinke igiya. Mutumin ya bi sawunta har bayan kasuwa, ya iske ta tana lasar jan maraƙin, shi kuma yana tsotso, nono yana zuba ƙasa.

Mutumin ya juya da gudu zuwa garke domin ya roƙi gafara. Ya tarar da turaku da toka kawai. Tsohon ya ji abin da ake faɗa a kansa, ya kora shanunsa ya bar ƙasar.

Ma'anar wannan misali ita ce, Ubangiji yakan aiko mana da alheri cikin kamar da ba mu saba gani ba. Mu kuwa da mun ga abu bai yi kama da namu ba, sai mu fara neman wanda ya cuce mu. Ko a zumuntar mata nakan ga haka, wata ta kawo wa maƙwabciyarta abinci, ana karɓa ana sansanawa. 'Yan'uwa, kafin ku kira mutum maci amana, ku saurare shi, ku kuma gwada abin da ya ce a gwada. Allah yana gafartawa duk lokacin da muka tuba. Amma mutumin da muka ɓata wa suna, ba lalle ne mu same shi a inda muka bar shi ba.